Ranar da Muka Tayar da Motarka, Auta

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga ƙanena Sama'ila, Autan Inna, a duk ƙasar da Allah Ya ajiye ka. Gaisuwa ce daga yayarka Saude, tare da fatan kana cikin lafiya da imani, kana samun ruwan alwala da abin sawa a ciki. Ina gajiya, ina aiki, ina haƙurin zama cikin baƙin mutane? Mu nan muna nan yadda Allah Ya so. Damina ta yi nauyi bana, gero ya fitar da kai, gyada ta rufe ƙasa.

Ban san inda zan aika maka takarda ba, lambar da ka bari kuwa ta daɗe da daina shiga. Shi ya sa na ajiye wasiƙar nan a inda jama'a ke karantawa, ko Allah zai sa ta faɗa hannun wanda ya taɓa ganinka a wajen haƙar zinariyar da ka ce za ka, can bayan Agadas. Masu karatu su yi mini afuwa, maganar cikin gida ce.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, mun taɓa motarka. Mun tayar da ita. Ban so ka ji a bakin wani kafin ka ji a bakina, tunda ni ka bar wa makulli.

Ka tuna ranar. Ka dawo daga lodin Rogo da yamma, ka shigar da ita tsohon ɗakin nan na gefen zaure a gidanmu na Turawa, inda Baba, Allah Ya jiƙansa, yake ajiye harawa. Ka rufe ta da tamfol, ka miƙo mini makulli ka ce, “Yaya, kar a ba kowa aro. Kafin a cire gyada na dawo.” An cire gyadar. An sake shukawa an sake cirewa, har na daina lissafi don lissafin ba ya ƙara mini komai sai nauyin ƙirji.

Maganar matarka Hauwa ba zan tsawaita ta ba. Ta yi zaman jiranka iya ƙarfinta, daga baya alƙali ya duba lamarin ya raba auren, ta koma gidansu Yammedi da 'yarka. Ban ga laifinta ba, kai ma kar ka gani.

Inna ce dai. Idonta ya tafi gaba ɗaya, hankalinta kuma yana zuwa yana komawa. Wata safiyar za ta lissafo maka dangin Baba kaf har da na Daura ta nan kusa da mu, ba ta tsallake ko jariri ba. Wata safiyar kuma sai ta tambaye ni ko an kai wa Baba koko. Saboda ita maigidana Malam ya yarje mini na bar ɗakina na Karaye na dawo gida da zama.

Abu ɗaya ne bai taɓa ɓace mata ba. Kullum da hantsi takan ɗauki sandarta ta bi jikin katanga har ɗakin motar, ta ɗaga tamfol, ta ɗora tafin hannunta a kan ƙarfen, ta goge da gefen mayafinta. Sai ta ce, “Tana nan?” Na ce, “Tana nan, Inna.” Ta ce, “To, shi ma yana tafe.” Da wannan take karyawa, da shi take wuni. Ka gane ke nan, Auta, abin da nake tsoro tun farko. Duk abin da ya sami motar nan, Inna zai samu.

Sai ga ruwan tsakiyar damina. Katangar bayan ɗakin ta sha ruwa ta tsage tun daga sama har ƙasa, tsagar da hannuna ke shiga. Azara biyu suka sunkuyo har suna taɓa tamfol. Duk wanda ya leƙa sai ya ce ruwa ɗaya mai ƙarfi ya rage ɗakin ya zauna a kanta. Fitar da ita kuwa ba ta turi ba ce, ka san lungunmu, ga hawa ga kwana, ga lakar da ke kama ƙafa har idon sawu. Sai dai ta fita da ƙarfin kanta.

Na kwana ina juyi. Dukiyar wanda ba ya nan ce, ba a ce ya mutu ba balle a ce gado, bai kuma ba da izini ba. Na tambayi Malam. Ya ce tsare amana daga lalacewa yana cikin riƙon amanar, barinta ta halaka kana kallo shi ne sakaci. Na jira safiyar da Inna ta tashi garau na zauna kusa da ita na yi mata bayani dalla-dalla. Ta ce, “In dai don kar ta lalace masa ne, ku yi.”

Kafin azahar Kawu Isyaku ya ji labari. Ka san Kawu, ba ya jiran a gama magana. Ya zo da batirin aro a kafaɗa, ya ce a buɗe ƙofa, a zuba mata fetur a baki, 'yan majalisa su kama ta ta baya. Ya ce, “Mota ai kamar jakata ce, in ta ƙi tashi duka da turi take so.”

Ni ban san inji ba. Amma na tuna wata magana da ka taɓa yi kana wanke hannu a bakin rijiya, lokacin da wani maƙwabci ya lalata tasa. Ka ce, “Injin da ya daɗe a kwance a bushe yake, Yaya. Duk mansa ya gangara ƙasa. In ka tashe shi da ƙarfi, ƙarfe ne zai ci ƙarfe.” Ban iya musu da Kawu ba, ban taɓa yi ba. Na durƙusa kawai na ce ya yi mini haƙuri, na riga na aika wa Ubale. Ya kalli gefen zanina inda na ƙulle makullin ya ce, “To, Hajiyar makulli, Allah Ya ba da sa'a. In ɗaki ya faɗi sai ki buɗe ƙasar da shi.” Ya ajiye batirinsa ya koma gindin darbejiya yana jiran ya ga ƙarshenmu.

Ubale abokinka na gareji a Rogo ya zo washegari a kan babur, da buhun kayan aiki a baya. Furfura ta fito masa, ba za ka gane shi da sauri ba. Ya gaishe da Inna, ya gaishe ni, ya yi mana ina haƙuri. Ya yaye tamfol ya tsaya yana kallon motar. Can ya share fuska da hannun riga ya ce, “Ɗan banzan nan, ko da yaushe shi ke ɓata abu ni ke gyarawa.” Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ko'ina ba.

Bai taɓa makulli ba ranar. Ya fara sa aka kwashe harawa da buhunan da suka taru a ɗakin, har tsinke bai bari ba. Ka san halinmu, duk ɗakin da ba ya yoyo rumbu ne. Kawu ya yi shekara da shekaru yana jibge irin gyadarsa a gefen motar. Ubale ya ɗauki sanda ya bubbuga ƙarƙashinta da cikin tayoyi, ya buɗe ƙofofi ya ja da baya. A ƙarƙashin kujerarka ya zaro saɓar maciji mai tsawon hannu. Mai saɓar dai Allah Ya sa ya riga ya tashi.

Da ya ɗaga bonet na leƙa ta bayansa. Auta, gari guda ɓeraye suka kafa a ciki. Sun cika gidan matatar iska da ɓawon gyada da tsumma da audugar kujera. Sun gwigwiye wayoyi har jan ƙarfen ciki ya fito fili, wasu suna taɓa juna. Ubale ya nuna mini da ɗan yatsa ya ce da an ɗaura batir jiya, tartsatsi ɗaya ya isa, ga busasshiyar harawa a gefe, ga ɗakin Inna katanga ɗaya. Na koma tsakar gida na zauna a kan turmi. Shi kuma ya zauna ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana yankewa yana haɗawa yana naɗewa. A bakin salansa, inda hayaƙi ke fita, zanzaro ya yi gini ya toshe ta da laka kamar an yaɓe tukunya. Da ƙusa ya farfasa.

Sai maganar man da ka bari a tanki. Lokacin da mai ya yi wuya, Kawu ya so ya zuƙe shi ya sa a injin ban-ruwansa. Inna ta hana. Ta ce, “Man Auta ne. In ya dawo da me zai tashi?” Haka ya zauna ba wanda ya taɓa ko ɗigo. Da Ubale ya kwance tankin ya tsiyaye shi a roba, sai ga shi ja kamar shayin da aka manta a wuta, yana wani tsami mai hawa kai, ƙasansa kuma danƙo. Ya ce wannan in ya shiga inji toshe hanyoyi zai yi. Ashe shi ma mai yana tsufa. Abin da Inna ta tsare maka da ƙarfinta, zaman jiran ne ya ɓata shi. Na juye shi a jarka na ajiye a bayan rumbu nesa da murhu. Ba shi da amfani, na sani, amma naka ne, ban iya zubarwa ba.

Ya kwance ƙasan injin baƙin mai ya fito da kyar, kauri kamar maɗi. Ya canza matatarsa, ya zuba sabo. Ya cire fulogai gaba ɗaya, ya ɗiɗɗiga mai kaɗan a kowane rami, ya toshe da tsumma mai tsabta. Na zaci zai gwada. Sai ya fara tattara kayansa. Ya ce, “Sai ta kwana yana jiƙa ta. Mai azumi ce, Yaya, ba a fara mata da tuwo.” Kawu ya ɗago daga tabarmarsa ya ce, “Kai dai ka ce kana son tuwon gidan nan sau biyu.” Ubale ya ce, “Ai Kawu da za ka ba ni gyadar da ɓerayenka suka rage, da na yafe tuwon.”

Ranar hadari ya haɗu ta gabas har ya yi baƙi. Na tsaya a tsakar gida ina kallon sama ina kallon tsagar. Ban roƙi Allah Ya hana ruwa ba, gonakin mutane na buƙata. Na ce dai Ya Allah Ka san halin da muke ciki. Iska ta zo ta kwashe hadarin ta yi yamma da shi.

Da safe Ubale ya dawo. Ya sa doguwar sifana a gaban injin ya ce zai juya shi da hannu, in ya juyu akwai rai, in ya ƙi to ƙarfen ya kama juna, sai dai a sauke inji gaba ɗaya, wannan kuwa ba aikin cikin ɗaki mai shirin faɗuwa ba ne. Ya danna. Ko motsi. Ya sake dannawa har jijiyar wuyansa ta tashi, sannan ya sassauta, ya ce ƙarfi ba zai yi ba. Ya riƙa lallaɓa ta, kaɗan gaba kaɗan baya, kamar mai murza ƙafar da ta yi sanyi. Ni ina bakin ƙofa ina hasbunallahu a zuci. Can na ji wani ɗan sauti kamar an sauke numfashi, sifanar ta tafi. Ya zagaya da ita, ya sake zagayawa, ya ɗago ya ce, “Alhamdu lillahi. Tana so.”

Sauran aikin ya ci har bayan azahar. Ya zubar da ruwan lagireto, ja wur da tsatsa, ya ɗauraye ya cika da sabo. Tiyo ɗaya ya matsa ta fashe a hannunsa kamar busasshen ɓawon rake, ya canza. Bel ɗin ma ya tsattsage, ya sa wani. Tayoyin baya sun ƙi juyawa saboda ka ja hambirki ka tafi, birkin ya manne. Ya yi ta faɗa da kai kamar kana tsaye a gabansa: “Direban banza, da dutse ake tare mota in za ta daɗe! Sau nawa na gaya maka?” Ya ɗaga ta da jak ya bubbuga da guduma a hankali har suka saki. Ya duba man birki, ya taka ya ji ya kama. Ya ba tayoyi iska, amma ya ce duk sun tsattsage ta gefe, iyakarsu ƙofar gida, kar wanda ya yi gigin hawa titi da su.

Daga nan ya sa aka cire ƙyauren ɗakin gaba ɗaya da langa-langar da ke toshe taga. Ya ce hayaƙin mota a rufaffen wuri kamar na janareta ne, yana kwantar da mutum bai sani ba. Ya ce a kawo yashi a bokiti, ba ruwa ba, ko da wuta za ta kama. Na kawo. Na je na kama hannun Inna na mayar da ita ɗakin can ƙarshen gida, nesa da hayaƙin. Na dama mata fura ta sha, ta kwanta, na jira har numfashinta ya daidaita na ja mata ƙofa.

Na tuna da hayaƙi, Auta. Na tuna da wuta, da maciji, da katanga. Ban tuna da kunnen Inna ba.

Na kwance makullin daga zanina na miƙa wa Ubale. Ya ɗaura batir. Bai mayar da fulogai ba tukuna, ya kuma cire wayar da ke ba famfon mai wuta. Ya murza makulli injin ya yi ta juyawa fayau ba tare da ya kama ba, ya saki, ya huta, ya sake. Ya ce so yake sabon man ya zagaya ko'ina kafin a nemi wani abu a wurinta. Idonsa na kan wata 'yar jar fitila a gaban sitiyari. Da ta mutu sai ya gyaɗa kai. Ya mayar da fulogai da wayar, ya zuba sabon fetur, ya tabbatar giya na firi, ya sa duwatsu a tayoyi. Ya ce kowa ya matsa. Ya yi bismilla.

Ta farko ba ta kama ba. Ya dakata don kar kik ya ƙone. Ta biyu ta yi tari ta mutu. Kawu ya taso daga gindin bishiya yana cewa da an tura ta tun shekaranjiya da yanzu an manta. Ubale ya sake murzawa.

Ta kama.

Duk jikinta ya ɗauki rawa, hayaƙi shuɗi ya turnuƙe ta baya, ɓawon gyada da ɓarɓashin laka suna fitowa daga salansa. Kawu na ihu, “Ba ta wuta! Taka mata!” Ubale ya ɗaga hannu ya ce a'a, ƙafarsa ko kusa da totur ba ta je ba. Ya bar ta tana numfashi da kanta. Ya fito ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi ko akwai yoyo, ya shinshina, ya koma ya duba allurar zafi. A hankali hayaƙin ya yi fari, ya ragu. Rawar ta lafa. Sai ƙarar ta koma irin tata ta da, wadda muke ji tun daga kwanar masallaci mu san ka iso, da ɗan ƙyas-ƙyas ɗin nan da ka ce ba ya gyaruwa. Ban san ina kuka ba sai da na ji gishiri a bakina.

A nan na ji muryar Inna a bayana.

Inna da ba ta taku sai da sanda tana bin katanga, ita ce ta ratso tsakar gida ba sanda, ba takalmi, mayafi ya faɗi a laka. Hannayenta a gaba, tana bin ƙarar. Fuskarta, Auta, rabon da na ga haske irin wannan a kanta tun kana nan. Tana cewa, “Saude! Ɗora ruwa! A kama zakaran nan! Ban gaya muku ba? Ban gaya muku yana tafe ba?”

Izinin da ta bayar ya goge daga kanta kamar ba a yi ba.

Ubale ya yi sauri ya tare ta don kar ta dafa ƙarfe mai zafi. Sai ta cafke hannunsa. Ta ji warin baƙin mai a rigarsa. Ta kai tafinta fuskarsa tana shafawa, goshi, kunci, gemu. Ta ce, “Ka rame. Ba sa ba ka abinci a can?” Ubale ya ƙame, idonsa a kaina, hawayensa na bin hannun Inna. Kawu ya matso kusa da kunnena, muryarsa ta sauka yadda ban taɓa ji ba, ya ce, “Ki bar ta. Ki ce shi ne. Me zai ragu?”

Na san cikin masu karanta wannan da yawa za su ce Kawu ya fi ni tausayi. Wataƙila haka ne. Amma na hango dare, za ta ce a shimfiɗa maka a ɗakinka. Na hango safiya, za ta ce ina ka shiga ba ka gaishe ta ba. Ubale yana da iyali a Rogo. Kuma tunda na yi wayo ban taɓa gaya wa Inna abin da ba haka yake ba, yanzu da ba ta gani, da bakina take ganin duniya. In na karkatar da shi, ba ta da wani.

Na kama kafaɗarta na ce, “Inna, Ubale ne. Motar muka tayar saboda katanga.”

Hannunta bai sauka nan da nan ba. Ya ɗan zauna a kuncinsa. Sannan ta janye shi a hankali ta gyara ɗaurin zaninta, ta ce, “Ubale na Rogo? Sannu da aiki, ɗan nan. Ina mutan gidan? A gaishe su.” Da ma ihu ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta juya za ta koma sai gwiwoyinta suka saki. Ni da Kawu muka ɗauke ta, ba ta fi nauyin dami ɗaya na harawa ba.

Ubale ya fitar da motar a giya ta ɗaya, ta haye lungun ba gardama, ya ajiye ta a sabuwar rumfar da aka kafa a gindin darbejiya. Ruwan da ya biyo baya ya kayar da ɗakin. Motarka ta tsira, ko ƙwarzane babu.

Inna kuwa ta kwana biyu ba ta karɓi komai ba sai ruwa. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi mini faɗa ba. Ta juya fuska jikin bango, in na yi magana ta ce, “Na ji.”

Kafin Ubale ya tafi ya kira ni gefe, yana ta murza hularsa. Ya ce aikin nan duk zai tashi a banza in aka sake barinta ta kwanta. Dole duk mako a tayar da ita a bar ta ta yi zafi sosai, a ɗan motsa ta gaba da baya. In ba za mu iya ba, ya sa mata tayoyi ya tafi da ita garejinsa ya riƙa kula da ita can. Ka ga inda aka ajiye ni. In ta zauna, duk mako Inna za ta ji ka dawo, duk mako na gaya mata ba kai ba ne, don ba za ta riƙe ba. In ta tafi Rogo, Inna za ta miƙa hannu da hantsi ta taɓa iska. Na yi istihara, na kasa ganin wanda ya fi sauƙi a cikinsu. Na ce wa Ubale ya ba ni lokaci.

Inna ce ta raba gardamar. Wata safiya bayan na idar da salla ta kira ni da muryarta ta da, wadda ba rikici a ciki. Ta ce na zauna. Ashe ta ji duk abin da Ubale ya faɗa, bangon zana ne tsakaninmu. Ta ce, “Kar a kai ta Rogo. Ku riƙa tayar da ita a nan.” Na ce, “Inna, za ki manta, za ki zaci shi ne.” Ta ce, “Na sani. Kuma ki gaya mini gaskiya, kar ki fasa. Abu ɗaya nake roƙonki.” Ta laluba ta kamo hannuna. Ta ce, “Kin cika sauri, Saude. Ki riƙa bari sai an kashe motar kafin ki shigo.”

Haka muke yi yanzu. Ubale yana biyowa duk mako in zai wuce Karaye sayen kayan gyara. Ya duba mai, ya duba ruwa, ya leƙa ko ɓeraye sun dawo, ya yi bismilla ya murza. Daga ɗaki sai na ji Inna ta ɗaga murya, a ɗora ruwa, a share ɗakinka, a aika Yammedi a gaya wa Hauwa. Ni ina tsaye a bayan zana. Ina ɗora ruwan, don ko ba komai za a buƙace shi. Ba na cewa kai ne, ba na cewa ba kai ba ne. Ina jin ta tana dariya ita kaɗai, tana lissafa abin da za ta faɗa maka. Ubale ya gane, yakan bar injin ya ɗan wuce yadda ake buƙata.

In ya kashe, sai na taka a hankali. Wata ranar kafin na kai bakin ƙofa ta riga ta tuna, sai ta ce, “Na sani. Shigo ki zauna.” Wata ranar kuma sai na faɗa da bakina, ta karɓa sabo fil kamar ba ta taɓa ji ba. Ban sani ba ko shirun da nake yi a bayan zanar nan yana da hukuncin ƙarya. Na tambayi Malam, ya ce Allah Ya fi mu sanin abin da ke cikin zukata.

Auta, ɗan'uwana, ban rubuto don na ɗora maka laifi ba. Ban san abin da ya riƙe ka ba. In kunyar dawowa hannu wofi ce, ka zo haka, ba wanda zai tambaye ka ko ƙwayar zinariya. In ciwo ne ko ɗauri, ka sa wani ya yi mana magana ko da kalma ɗaya ce. In kuma wanda ke karanta wannan ya san ƙanena ya riga mu gidan gaskiya, don Allah kar ya ji nauyin faɗa mini. Zan iya ɗauka. Zan san lokacin da zan shiga ɗakin Inna da labarin.

Ya Allah, Kai ne Ka san inda bawanKa Sama'ila yake. In yana raye Ka tsare shi, Ka tsare masa sallarsa, Ka buɗe masa hanyar gida tun Inna na da sauran numfashi. In ya rasu Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa ya samu waɗanda suka yi masa sutura da salla. Ka saka wa Ubale da alheri. Ka sassauta wa mahaifiyarmu, Ka yafe mini jinkirin da nake yi a bakin ƙofarta. Amin.

Ka huta lafiya a inda kake.

Yayarka,
Saude
Turawa, ƙasar Karaye